Buhun Gero Mai Faci

Daga inbox. Ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki, ba ni da wadda zan faɗa wa a unguwarmu magana ba ta zaga gari ba.

Ni matar aure ce a Ƙaura, yarana uku, maigidana malamin firamare ne, to kun dai san albashi, kafin ya shigo an gama rabonsa. Tun da na yi aure na ɗora wa kaina neman araha har ya zame min kamar sana'a. Duk shagon da aka ce ana bonanza kafin azumi ni ce a gaban layi, taliyar da kwalinta ya lotse na san ana rage mata kuɗi, tumatir da attarugu ba na saye sai yamma lis, lokacin da masu kayan gwari suka ƙagu su tashi, in kwaso in yanka in shanya. Ko ledar sabulun nan da aka ce a tara a kai a karɓi bokiti sai da na tara, bokitin yana nan ina wanki da shi. Matan layinmu har suna suka sa min, wai Hajiya Rangwame, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ba na jin haushi, dariya nake yi, don na san in wata ya yi nisa gidana ake aikowa a sam musu gishiri. Daga baya ma su da kansu suka ce mu riƙa haɗaka, kowa ta kawo abin da take da shi, ni in sayo buhu mu raba da tiya, ya fi sauƙi a kan awon kullum.

Maigidana yana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, yana sarin hatsi tsakanin Shinkafi da nan. Mutum ne mai kirki a wurinmu, ba zan ɓoye ba, lokacin da aka yi min aiki a haihuwar autana shi ya tsaya mana. Bara ya ce wa maigidana me ya sa nake wahalar da kaina da yawon kasuwa, in riƙa zuwa wurinsa. Kayan ba a rumfarsa yake ajiye su ba, a wani ɗaki ne a bayan gidansa, kuma farashin ƙasa yake sosai da na kasuwa, ƙasan da ko ni mai jan ciniki sai da na ji kunyar neman ragi. Gaskiya sau ɗaya zuciyata ta ce min anya, sai na ce mata ke ma dai, ɗan uwa ne yake yi wa ƙaninsa sauƙi. Na yi ta murna, na yi ta cika baki a cikin mata, suka ƙara yawa a haɗakar.

Mahaifiyata, Inna, tana wani ƙauye ne a bayan Zurmi, ba zan faɗi sunansa ba. Babanmu ya rasu, ita da ƙanena suke riƙe da gonar. Da kakar bana na je na taya ta sussuka da shiƙa. Muna zuba geron sai muka ga buhu ɗaya kusu ya ɓula shi, ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohuwar atamfar ankon bikina da na bar mata, wadda na taɓa ƙonawa da dutsen guga, ta yanki daidai wurin ƙunar ta yi faci da basilla. Ni na riƙe mata buhun tana ɗinkawa, tana tsokanata wai har na haifi uku ban iya guga ba. Ban daɗe da dawowa ba mutanen daji suka shiga garin, suka kwashe abin da ke rumbu da na ɗaki, suka kora awaki. Alhamdulillahi ba a taɓa rai a gidanmu ba, amma zama ya gagara. Ƙanena ya tafi kudu neman abin yi, Inna ta zo wurina da ƙullin kayanta a zane ɗaya.

Da baki ya ƙaru a gida sai na ƙara ƙaimi wajen neman araha. Na tara kuɗin mata na aika wa Yaya, wato yayan maigidan nawa, mai keke napep ya kawo buhunan ya jingine min a zaure. Ranar Inna ta shiga maƙwabta barka. Na jawo buhun gero zan kwance bakinsa, ina juya shi sai ga facin nan, atamfata, ƙunar gugata, ɗinkin Inna. Wallahi 'yan uwa sai na zauna a ƙasa ina kallonsa. Ga mata sun fara sallama da robobinsu, kowa tana jiran rabonta. Ban san me ya hau kaina ba, na yi maza na juye geron a durom, na ninke buhun na tura ƙarƙashin katifa, na fito na auna wa kowa nata ina yaƙe. Suna ta sa min albarka wai wannan karon geron ya fi na kullum kyau.

Da maigidana ya dawo na nuna masa. Da farko ya ce atamfa ai ba ni kaɗai aka buga wa ba, anko ne, mata nawa suka ɗinka. Na nuna masa ƙunar. Can ya ce ko da na Inna ne, hatsi hannu nawa yake bi kafin ya iso kasuwa, yayansa saye ya yi, ba shi ya shiga ƙauyen ba. Na ce to me ya sa yake ɓoye kayan a bayan gida, me ya sa kuɗin bai kai na kowa ba. Nan ya hau faɗa, wai lokacin da nake cika baki da araha ban tambaya ba sai yanzu, kuma in na kuskura maganar nan ta fita, a yadda gari yake ba wanda zai tsaya bincike, ana jin an ce mutum yana taɓa kayan daji shi ke nan an gama da shi, in kuma da gaske yana hulɗa da mutanen dajin to mu ne a gaba. Ya ce in zaɓa, ko in rufe bakina ko in zama sanadin jinin ɗan uwansa. Na roƙe shi ko a asirce ya tambayi Yaya, ya ce ba zai iya kallon idon wanda ya riƙe shi ya yi masa wannan tambayar ba. Ya ce in ƙona buhun. Ban ƙona ba, kuma tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Abin da ya fi ci min rai, faɗan da ya yi akwai gaskiya a ciki. Ni da na san farashin komai a garin nan, na san abin da buhu ba zai taɓa sauka ƙasa da shi ba, ni ce ban tambaya ba. Ina 'yar ƙarama aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, da jin wa'azin halal da haram muka tashi, babanmu ko kazar maƙwabta ce ta yi ƙwai a gidanmu sai ya sa an mayar. Na je Islamiyya na tambayi malamarmu a kaikaice, na ce wata ce ta sayi kaya daga baya ta gane na sata ne, ta ce a mayar wa mai shi. Na dawo gida ina tunani, mai shi ɗin tana ɗakina, da shi nake yi mata tuwo, rabi kuma ya riga ya shiga cikin yaran maƙwabta. In na zubar ba mu da wani, in na koma awon kasuwa albashin ba zai kai mu tsakiyar wata ba. Ga mata sun fara tambayata yaushe za a kawo na gaba, na ce musu kaya sun yanke, ɗaya har ta yi min habaici wai ko na samu wasu abokan haɗakar ne.

Ni yanzu ko loma ba na iya kaiwa, sai in ce ulsa ce ta tashi in jiƙa garin kwaki. Inna kuwa tun da ta zo ba ta taɓa cin abinci da daɗi irin na kwanakin nan ba. Rannan tana taya ni surfe ta ɗebi geron a tafin hannu ta daɗe tana dubawa, sai ta ce, "Wanga gero irin namu na, ɗiyata, dubi ƙwayar shi. Wa ka saishe ki shi? Allah shi yi mai albarka." Na ce amin. Matar nan hawan jini gare ta, har yanzu in babur ya wuce da ƙarfi sai ta zabura. In na faɗa mata, na san Inna, ba za ta sake sa komai na gidan nan a bakinta ba, za ta ɗaure ƙullinta ta ce a kai ta tasha, kuma ba ta da inda za ta. Ba kuma za ta iya yin shiru ba in ta haɗu da Yaya, ga shi duk Juma'a sai ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta.

Jiya da safe ne abin ya kai ni bango har na ɗauki waya nake rubuto muku. Ƙanena ya turo mata ɗan abin da ya samu. Ta kira ni ɗaki ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗin a kan murfin durom ɗin, ta ce, "Ki auna min tiya guda in aje iri, in Allah ya nuhe mu da komawa gida kahin damina. Ba ni ɗaukar abincin jikokina hakanan, ki amshi kuɗinki." Na ce ta bari sai anjima, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Har yanzu kuɗin suna kan murfin, ta tambaye ni sau biyu ko na auna. Don girman Allah masu ilimi da iyayenmu na wannan gida ku faɗa min, ban da zagi, na riga na zagi kaina. In ɗauko buhun daga ƙarƙashin katifa in shimfiɗa mata a gabanta, komai zai faru da aurena da yayan mijina ya faru? Ko in yi shiru, in karɓi kuɗin mahaifiyata in auna mata geron da ta noma da hannunta?