Ɗorin da Baba Ya Yi wa Bakinsa

Jega,
14 ga Afrilu, 1997

Zuwa ga yayana Ya'ƙub,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Jidda, yaya Kaltume da yara? Maigidana yana gaishe ka.

Ranar Juma'a na je Aliero gaida su Baba, na tarar ya naɗe rawani har hanci a cikin wannan zafi na bazara. Na zolaye shi ko sarauta aka ba shi ba mu ji ba. Bai yi dariya ba. Inna ta ja ni ɗaki ta ce ya daɗe rabonsa da tuwo, kunu kawai yake kurɓa. Na yi ta magiya sai da ya buɗe mini baki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Haƙoran nan huɗu da ka sa likita ya dasa masa lokacin aikin Hajjin bara, a madadin waɗanda ya zubar a haɗarin babur, suna tsaye cikin dasashi kumburarre mai fidda mugunya. Wari kuwa sai da na kau da kai, Allah ya yafe mini.

Ashe tun da ya dawo, buroshi bai taɓa wurin ba, ko asuwaki. Zaren sakace da man goge baki da ka haɗo masa suna nan cikin kwalinsu. Kai ka yi masa tafinta cewa an kafa ƙusa a ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ne zai kama ta. Da Baba ya ji an ce ƙashi, sai ya ce an zo gidansu. Ka san mutumin da ya gaji ɗori kaka da kakanni, wanda ake kawo masa karaya har daga Nijar, ba ya karɓar karatu a kan ƙashi. Sai ya bi da haƙoran yadda yake bi da karayar ƙafa: ba gogewa, ba motsawa, kullum ya shafa musu man shanunsa na ɗori. Da na yi masa faɗa, cewa ya yi, "Ke ɗiyata, ƙashi dai ƙashi na, na baki da na ƙahwa duk guda. Wa ka gugar ɗori?"

Ina tsoro ƙwarai kada ya rasa su duka. Baffa Alu, wanda shi ma ɗori yake yi, ya taya ni lallashinsa, ya yarda mu kai shi asibiti a Sakkwato ranar Litinin mai zuwa. Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Mardiyya

Aliero,
2 ga Mayu, 1997

Zuwa ga yayana Ya'ƙub,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Ina Aliero tun da muka dawo.

Ka yi haƙuri da abin da za ka ji. Likita ya ɗauki hoton muƙamuƙin, ya ce dattin da ya taru a gindin haƙoran ne ya ruɓar da dasashi, ciwon ya gangara ya cinye ƙashin da ke riƙe da ƙusoshin. Ya ce ƙarfe ba ya ruɓewa, amma naman da ke kewaye da shi ya fi na haƙorin haihuwa son tsabta. Uku ya cire, kuma ko ƙarfi bai sa ba, kamar mai tuge albasa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗaya ya rage. Ya ce ƙashin ba zai sake ɗaukar wani dashe ba, don haka kada ka wahalar da kanka.

Baba ya nemi a ba shi hoton. Ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana kallo. Ba wanda ya yi masa bayani, shi da ya san ƙashi.

Yanzu safe da yamma ni nake goge masa ɗayan da buroshi mai laushi, in zagaya gindinsa da zare, ya kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Yakan buɗe baki ba musu. Na fi son ya yi mini gardamarsa ta da, wannan shirun yana cin raina.

Jiya kuma na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. An kawo wani ɗan kabu-kabu daga Maiyama, cinyarsa a karye, yana kiran sunan Baba. Baba ya fito zaure, ya durƙusa, ya miƙa hannu zai taɓa ƙafar, sai ya janye. Ya ce, "Ku kai shi wurin Alu. Ni ƙashin bakina ya ruɓe hannuna ban sani ba." Mutane suka yi cirko-cirko, shi kuwa ya koma ciki ya sako labule.

Yaya, haƙori ɗaya zan iya tsare masa shi, in Allah ya yarda. Karayar zuciyarsa kuwa ta fi ƙarfina. Ka nemi hutu ka zo gida.

Ƙanwarka mai kewarka,
Mardiyya Arzika