Wutar Motata da Hanyar Gidimuni

Litinin, 9 ga Satumba 2024

Ta sake mutuwa. Wannan karon a gaban kasuwar Dole ta nan Damagaram, da rana tsaka, ƴan kabu-kabu na ta zagaye ni. Da safe murzawa ɗaya ta tashi lafiya lau. Da ta yi zafi, bayan tafiyar minti ashirin, sai ta yi tari biyu, shiru. Na zauna wajen wani mai shayi kusan awa guda har ta huce. Na murza, ta tashi kamar ba ita ba. Karo na huɗu ke nan cikin wata guda.

Mai shayin ya ce in kai ta gareji a duba fistan. Na gaya masa ba ta da fistan ko ɗaya, wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku ke juyawa a cikin injin, kowane da buji biyu. Ya dube ni kamar na zolaye shi. Ban gaya masa ni ne na riƙe garejin ma'aikata shekara ashirin da shida ba, ko cewa tun da na saye ta hannun Bajapanen nan mai aikin rijiyoyi, shekara talatin da uku ke nan, ba hannun da ya shiga injinta sai nawa.

Laraba, 11 ga Satumba

Na kwance buji huɗun. Na ƙasa biyu baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Wato mai na zuwa, wuta ce ke ɗaukewa. Na wanke, na goge, na mayar.

Yunusa ɗan Yaya Shatu ya kira daga Gidimuni. Ya ce jikin mahaifiyarsa ya matsa, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Na ce ina zuwa da zarar mota ta miƙe.

Alhamis, 12 ga Satumba

Unguwar Zango, shagon kayan mota na Alhaji Isma'il Bakano. Ya tono mini bobin biyu, masu ba buji wuta, daga ƙasan kwali, ya ce sun fi shekara goma suna jirana, don ba wani mahaukacin da zai nema sai ni. Na ɗaura su kafin la'asar. Na zagaya Birni, na bi hanyar filin jirgi. Minti ashirin da biyar, ta mutu.

Ba bobin ba ne ke nan.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ƴata Hafsat ta zo da yaranta. Ta tarar da ni kaina cikin kapo, ina leƙen inji. Ta daɗe tsaye a bayana, sannan ta ce tun da sai ta yi zafi take mutuwa, wataƙila waya ce ta karye a cikin robarta, zafi ke raba ta. Ta ce na'urar awonta na cikin jaka, in na yarda mu bi wayoyin dilko, mai raba wa buji wuta, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce mata wayoyin nan da hannuna na shimfiɗa su tun tana goye. Ta ce to, Baba. Ta shige wajen uwarta.

Shekara tara tana koyar da lantarki a lise, babbar sakandare. An ce ɗalibanta na jin tsoronta kuma suna sonta. Ni na so ta karanta aikin likita. Ban taɓa barin ta riƙe mini ko kilen kwance noti ba, ban kuma san dalili ba. Ko na sani.

Talata, 17 ga Satumba

Na kwance karbirato duk da na san ba shi ba ne. Yini guda.

Fanta ta kawo mini fura, ta ajiye, ba ta tafi ba. Shekara arba'in da aurenmu, na san tsayuwar nan. Ta ce motocin Gidimuni na tashi daga tasha kullum safiya, ba su taɓa jiran bujin kowa ba. Na ce ba zan shiga garinmu a matse cikin buhunan gero ba alhali ina da mota. Ta ce, "Malam, ba mota ce ta hana ka ba." Ta ɗauki ƙwaryar jiya ta tafi.

Laraba, 18 ga Satumba

Bari in rubuta, tun da ba mai karantawa. Shekara huɗu rabona da Gidimuni. Bayan rasuwar Inna na sayar da rabona na lambun dabinon da Baba ya dasa a bakin tafki, ban shawarci Yaya ba. Labari ta ji a bakin mutane, da ta ga baƙo yana kafa shinge. Ranar da na je, a gaban surukanta ta ce na sayar da inuwar ubanmu, in tafi birni in zauna a inuwar ƙarfena. Na tashi ban ci abincin da ta dafa ba.

Ita ta goye ni. Ita ta sayar da akuyarta ta saya mini takalmin shiga lakwal, makarantar boko. Duk na san wannan.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na sauya wayoyin buji, na kankare wayar masa da ke manne da ƙarfen jikin motar, na ƙara ɗaure kan batir. Na bar ta tana aiki a tsakar gida minti arba'in, ba ta mutu ba. Wataƙila an dace.

Yunusa ya sake kira bayan masallaci. Ya ce, "Kawu, yau sau biyu tana tambaya ko Ɗanƙarami ya iso." Ba wanda ya rage a duniya mai kirana da sunan nan sai ita.

Gobe da sassafe.

Lahadi, 22 ga Satumba, Gidimuni

Jiya ban samu rubutu ba.

Na wuce Mirya lafiya, har na fara yabon kaina. Kilomita tara bayan nan ta yi tarinta biyu. Na gangara gefen kwalta kusa da wani ƙauye, na buɗe kapo, na cire wayar buji na gwada a jikin ƙarfe. Ba wuta ko ƙyas. Na san in na jira awa guda za ta tashi, ta kai ni wani wurin ta sake zubar da ni. Na kuma san in ta tashi, akwai yiwuwar in juya kanta gida, in ce ai na gwada. Wannan tunanin ne ya ba ni tsoro.

Wasu manoma masu yankan gero suka taya ni tura ta ƙarƙashin gawo a ƙofar mai gari. Na ba shi makulli. Na tsayar da wata tsohuwar motar kasuwa, na hau baya, tsakanin buhunan gawayi da wata tsohuwa mai kaji uku. Ba wanda ya dube ni sau biyu.

Yaya ta rame, sai idanu. Na durƙusa a bakin gado na gaishe ta, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka yi furfura, Ɗanƙarami." Na fara maganar lambu, na ce na yi kuskure, ta ɗaga hannu. Ta ce ita ma bakinta ya yi kaifi ranar, kuma mutumin da ya saya yana aiko mata da dabino duk shekara, ya fi ni kula da itatuwan. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta sa aka kawo mini tuwo, ta ce wannan karon sai ta ga ƙasan kwano.

Na cinye.

Talata, 24 ga Satumba

Ina kwana a zaure. Da hantsi nakan zauna kusa da ita, tana ba ni labarin mutanen da na manta. Wani lokaci ta yi barci a tsakiyar magana.

Na kira Hafsat. Na gaya mata inda motar take, da sunan mai garin. Na ce kar a bar ta a daji, awaki za su hau. Iyakar abin da na ce ke nan. Ta tambaya ko ta taɓa injin. Na ce ta yi yadda ta gani.

Asabar, 28 ga Satumba

Yaya ta rasu bayan azahar. Ina riƙe da hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Talata, 1 ga Oktoba

Sadakar uku. Muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, na ji ƙarar tun daga kwanar tafki. Ba injin da ke irin wannan kukan a ƙasar nan. Hafsat ce a sitiyari, Fanta a gefenta. Tun daga Damagaram ba tsayawa, in ji su.

Da mutane suka ragu ta zo ta durƙusa, ta yi mini gaisuwa, ta ajiye wani guntun waya a tafin hannuna. Wadda ke fita daga dilko ce zuwa ɗan akwatin da ke ba bobin wuta. A tsakiyarta akwai haɗi da dalma, an naɗe da sikoc baƙi, salatif ɗin lantarki. Dalmar ta tsage kamar gashi. Da sanyi tana haɗe, da zafi ta buɗe. Ta ce ta bar injin ya yi zafi, ta sa na'ura, tana motsa wayoyin da yatsa har allura ta faɗi.

Na gane naɗin. Nawa ne, na shekarar da ɓera ya ci wayar. Sau nawa hannuna ya bi ta kansa cikin watan nan, ban tsaya ba.

Ta tashi ta shige wajen mata. Na sa guntun wayar a aljihu.

Asabar, 5 ga Oktoba, Damagaram

Mun dawo. Kafin mu taso na je lambun, na gaisa da mai shi. Mutumin kirki ne. Ya cika mana but da dabino da rake.

Hafsat ta miƙo mini makulli a ƙofar gida, na ce ta riƙe, gwiwata na ciwo. Tana ɗan ciwon kuwa. Hafsat na sauya bitas, wato giya, da wuri, injin nan yana son a ja shi, na gaya mata sau ɗaya bayan mun bar Gidimuni, ta gyara. Wajen gawon mai gari na buɗe baki in ce wani abu, sai na tambaye ta nawa ne awon da bobin mai lafiya ke nunawa a na'urarta. Ta yi mini bayani har muka shigo gari. Rabi na gane.

Ta ce sauran wayoyin ma sun tsufa, gara a sauya su duka. Lahadi za ta zo. Na share bencin gareji, na fito da kujera ta biyu.