Tabon Idon Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baban yara da nake jin shi ke karanta miki wannan. Ya idon?

Likitanmu ya duba hotunan. Ya ce tabon a saman ido yake, injin da nake kula da shi zai iya kankare shi. An sa ki ran sha biyu ga wata. Kin tambaya ko wuƙa ce. Ba wuƙa ba ce, matsoraciya! Wani tulu ne a rufe, cike da iskar gas, har da wata mai suna fulorin. A ciki akwai dogayen ƙarafa biyu suna fuskantar juna. Idan lantarki ya tsallaka tsakaninsu ya bazu bai ɗaya, sai iskar ta saki hasken da ke yin aikin. Shekara tara ina lallaɓa injin nan, ki kwantar da hankalinki.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin?

Tun Litinin injin ke ba ni ciwon kai. Fulorin cin ƙarfe take yi a hankali, ta cinye bakin ƙarafan nan. Yanzu wutar ba ta bazuwa, sai ta taru wuri guda ta yi tartsatsi, hasken wani lokaci ya yi ƙarfi, wani lokaci ya yi rauni. Na sake gas sau uku, na goge maduban da ke cikinsa. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce ya daina yin kayansa. Na rasa inda zan sa kaina. Ki taya ni da addu'a.

Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa.

Jiya na gwada shi a kan roba. Yankan ya fito da tudu da kwari. Likita ya ce ni na san injin, in na sa hannu za a yi miki. Na daɗe riƙe da biro, Yaya. Na san rabonki da keken ɗinkinki wata bakwai, na san da ni kika dogara. Amma idon nan shi kaɗai ya rage miki. Ban sa ba.

Yau an lulluɓe injin da zane. Babu wanda ya san ranar zuwan wani injin.

Kada ki taso. Ni zan zo ran Asabar. In ba ki son yi mini magana, ki bar ni dai in zauna kusa da ke.

Taki,
Auta