Rubutun Kakanmu Yana Korar Tsuntsaye a Taloka

Zuwa ga Alhaji, Manajan kamfanin da ya tsara mana kwalin faifan CD a birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni ne wanda ya gama jami'a bara, ya kawo muku waƙoƙin bege takwas na marigayi kakanmu, waɗanda mahaifina ya rera da bandiri. Sau uku na zo ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Na ba ma'aikacinka hoton shafi ɗaya na ajami, rubutun hannun kakanmu, mai farawa da Bisimilla da salati. Sharaɗinmu a rubuce yake, ya sa hannu, takardar tana wurina: shafin zai tsaya a 'yar takardar da ke cikin kwali kawai, fuskar faifai kuwa fara, da sunan kundi. Haka ya nuna mini a kwamfuta. Kwafi ɗari biyar suka iso a liƙe cikin leda, na raba wa masu sayarwa a Wurno da Rabah da Goronyo ban buɗe ko ɗaya ba. Wannan kuskurena ne, ban ɓoye ba. Ashe an buga shafin a fuskar kowane faifai, ramin tsakiya ya cinye rabin baiti na uku. Da na tambayi ma'aikacin, ya ce farin faifai ba ya shiga kasuwa. To mi ya hana shi faɗa mini kafin bugu?

Na biyu. A bayan kwali, inda ake sa sunan mai waƙa, an rubuta "gargajiya". Mutumin da almajiransa ke raye har yau, shi ne aka mayar ba shi da suna, tambarin kamfaninku kuwa ya fito wuri biyu.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Duk wanda ya san noman rani a bakin dam ya san inda faifai ke ƙarewa in ya ƙuje: a ɗaura shi da zare a kan sanda, ƙyallinsa ya kori tsuntsayen janbaki daga shinkafa. A wata gona a Taloka, can bakin dam, na ƙirga namu guda bakwai suna lilo, biyu sun faɗa cikin taɓo. Manomin ba shi da laifi, tarin tsofaffin faifai ya saya, gefen ƙyalli kawai ya duba. Da na juya masa ɗaya ya karanta, da kansa ya shiga taɓon ya ɗauko su yana istigfari.

Labari ya kai ga Baffa, yayan mahaifina, limamin unguwarmu. Ya kwashe takardun kakanmu ya kulle a akwati. Sauran waƙoƙi talatin da ɗaya suna ciki, babu wanda ya san karin muryarsu sai mahaifina, shi kuwa ya haura saba'in, numfashinsa ya fara gajarta. Ni na roƙi Baffa wata huɗu kafin ya ba da shafin nan, ni na ba shi tabbacin ba za a wulaƙanta shi ba.

Abin da nake nema: ku janye abin da ya rage hannun masu sayarwa, ni zan bi gonaki da ƙafata. Ku sake bugu da farar fuska, da sunan mai waƙa a wurinsa. Sannan ka zo Wurno da kanka, ko ka rubuto da sa hannunka, ka shaida wa Baffa cewa daga ofishinka aka canza tsarin. Gaisuwata kawai yake amsawa yanzu, kuma akwatin nan ba zai buɗe da maganata ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka mutuncin iyayenka, ya ba ka ikon gyarawa tun mahaifina yana da sauran murya.

Wassalam.

Abdulmumin, jikan mai waƙoƙin, daga Wurno.