Ranar da Gola Ya Sallama

Gola, abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƴarmu da maigidanta? Tun da ka koma wajensu shagon ɗinkina ya yi tsit, ba mai yi mini musu. Jiya na kalli ƙwallo a shagon aski. Mai tsaron raga ya kusa ƙare wasan a tsaye, har hamma ya yi. Wannan ne ka ce ya fi komai wuyar koyo? Gudun fanfalaki dai, malam. Mu da muka yi shi mun san inda numfashi ke ƙarewa.

Naka,
Tela

Tela,

Ina amsawa. Gudu? Ko akuya ta iya, wa ya koya mata? Kai in ka gaji ka tsaya ka riƙe ƙugu, ba mai zaginka. Ni kuwa in na ƙifta ido, mutum goma sun yi wahalar banza. Sai da na karya yatsu kafin na iya karanta ƙafar ɗan wasa tun bai buga ba. Ka gaida mutanen gida.

Gola

Tela,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini dogon shirun nan. Na yi tunani, kai ne da gaskiya, gudu ya fi wuya. Ka ci. Allah ya bar zumunci.

Gola

Ƴata,

Fatan kuna lafiya. Rubutun nan naki ne, ba nasa ba. Tun muna samari babanki bai taɓa ce mini na ci ba. Me ya same shi? Don Allah kada ki ɓoye mini.

Babanki Tela

Baba Tela,

Ina gaishe ka da girmamawa. Faɗuwa ya yi a banɗaki, ɓarin damansa ya shanye. Shi ya hana a gaya maka. Likita ya ce in ya dage da gashin ƙashi a asibiti zai taka, amma ya daina zuwa. Yini yake yana kallon bango. Komai aka ce masa sai ya ce "to". Baba, tsoro nake ji.

Ƴarka

Gola,

Sannu da jiki. Ban karɓa ba. Ba na son nasarar da aka miƙo mini daga kwance. Na kulle shago, gobe ina motar farko. Ni zan riƙa kai ka gashi, muna tafe muna yi. Ka tanadi bakinka.

Sai na zo,
Tela