Igiya a Ƙafar Baffa

Karaye,
9 ga Mayu, 1993.

Zuwa ga Yaya Hajo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Sulle da yara da duk mutanen Rogo. Mu ma lafiya lau, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Jikin Baffa garau yake, tuwo ma ya fi ni ci. Kan ne ya ƙara rikicewa tun zuwanki da ƙaramar Sallah. Da na fita makaranta sai ya saɓa sandarsa ya nufi hanyar ƙauyen nan Turawa na bakin dam, wai zai sako shanu. Kin san shanun nan shekara huɗu ke nan da rabuwa da su, rugarmu kuwa tana can ƙarƙashin ruwan dam. Shi bai yarda ba. Ranar Talata wani masunci, Ɗantala, ya tsamo shi ruwa ya kai masa ƙirji, yana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Matata Maijidda cikinta ya tsufa, ba ta iya binsa. Na gwada kulle shi a ɗaki, ya yi ta dukan ƙyaure har hannunsa ya kumbura.

Yaya, na ɗaure Baffa. Gara ki ji daga bakina kafin 'yan kasuwa su kai miki. Doguwar igiya ce, daga idon sahunsa zuwa darbejiyar tsakar gida, tana kai shi inuwa da buta da tabarmarsa. Ina dawowa nake kwance shi. Lokacin da na durƙusa ina ƙullawa, kallon hannuna kawai yake yi. Tun ranar ban ci abinci na ji daɗinsa ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Muntaka.

Karaye,
23 ga Mayu, 1993.

Zuwa ga Yaya Hajo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta gida, takardarki ta iso. Faɗanki bai tsufa ba, har ta cikin ambulan sai da na ji kunnena ya yi zafi. Kin ce mutumin da ya goya mu a wuyansa bai cancanci turke ba. Ban musa ba. Kin ce in kawo shi wurinki. Gidanku fa bakin titin mota yake, ke kuma kina gona rabin yini. Nan aƙalla na san inda zai nufa.

Ga wani abin da ya ƙara hana ni sakat. Sufeto zai zo duba koyarwata ranar Litinin ta sama, darasin da ya faɗo mini a aji shida kuwa shi ne kalmomin Turanci na ɗaurewa da tsarewa. Littafin ya rarrabe su tsaf: ta ɗaure kaya daban, ta sa wa ƙofa kwaɗo daban, ta turke dabba daban, ta yi wa abu iyaka daban. Sai ta ƙarshe, ta riƙe mutum don kada ya cuci kansa. Kullum na zo kanta a allo sai alli ya tsaya mini. In leƙa taga, in duba agogo, in zauna, in miƙe. Yaran har sun fara zaton ciwon ciki nake.

Na tuna Baffa yana koya mana ƙulli a bakin dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure, da hantsi, wanda ake yi wa maraƙi da wanda ake yi wa bijimi, kowanne da sunansa a Fillanci. Ke kika iya. Ni ya ce hannuna na biro ne, a kai ni boko in huta da ɓata masa igiya. Gaskiyarsa ta fito. In abin ya motsa masa ba ya tunanin kwancewa, ja kawai yake yi, ƙullin nawa kuma sai ya zarge. Ya ci masa fata har ya yi gyambo. Ina wanke masa da ruwan gishiri ina jin kunyar ɗaga ido.

Ban san abin da zan yi ba, Yaya. In na sake shi ga ruwa na jiransa, in na ɗaure shi ga wannan gyambon. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Muntaka.

Karaye,
4 ga Yuni, 1993.

Zuwa ga Yaya Hajo,

Ina gaisuwa, da barka da Sallah, da fatan kun ci nama lafiya.

Ranar da sufeto zai zo na ɗauko igiya da safe, na kalli ciwon nan, hannuna ya ƙi. Baffa ya tashi da hankalinsa ranar, har ya tambaye ni ke da sunanki. Na ajiye igiyar a kan tabarma, na roƙi Maijidda ta sa ido, na fita.

Darasin dai an yi shi, yadda aka yi kuwa sai ki tambayi sufeto. Na rubuta kalmomin, na maimaita su, yara suka amsa, ni kuma hankalina yana bakin ruwa. Ana kaɗa ƙararrawar tara na hau keke ko sallama ban yi wa hedimasta ba. Na shiga gida ina haki.

Na tarar da shi zaune a gindin darbejiya, igiya a ƙafarsa. Na juya zan yi wa Maijidda faɗa, ta rantse ba ita ba ce. Da na duba sai na ga ba a ƙafar mai ciwo take ba, kuma ƙullin ba nawa ba ne. Na maruƙa ne, wanda ba ya zargewa ko da an ja, yatsa biyu na shiga tsakaninsa da fata.

Ta ce da hantsi ya miƙe ya kai bakin zaure, ya tsaya ya daɗe. Sai ya dawo ya ɗauki igiyar da kansa. Ya gaya mata ya fara jin shanun suna kiransa, kuma ya san nan da ɗan lokaci ƙafarsa ba za ta ji maganarsa ba. Ya ce a faɗa mini har yanzu ban iya ƙulli ba.

Na zauna a gabansa na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kafin nan abin ya riga ya dawo masa, bai gane ni ba, yana ta ja yana kiran shanu. Igiyar ta riƙe shi, ba ta ji masa ciwo ba.

Jiya ya sake tashi garau, ya kama hannuna ya nuna mini sau uku. Na kusa iyawa. Amma ya ce wannan igiyar kasuwa ce, kaushi gare ta. Ki zo ranar kasuwa, ki taho da ta rama mai laushi, irin wadda Inna take tufka wa 'yan maruƙa. Ya ce ke ce kika ɗauko hannunta, kuma ke yake so ki tufka masa.

Ki gaida Malam Sulle da yara.

Ƙaninki mai jiranki,
Muntaka.