Kaset ɗin da na aika Damagaram a kan lissafin ƙanina

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya zauna Vénissieux, a gefen Lyon ta Faransa, a zamaninmu zai gane ni tun layi na uku. Don Allah ku ba ni shawara. Amma kafin wani ya fara wahalar neman sakaran labarin nan, in hutar da shi, ni ne. Tsoho ne ni, karatuna na lakwal a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya tsaya, sauran ilimin duk a sito na same shi, inda na yi shekaru ina ɗaure kwali da igiya.

A farkon shekarun tamanin ina zaune a wani dogon bene a unguwar Minguettes, sai ƙanina, mu kira shi Sani, ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya zo Lyon karatun lissafi, ya sauka a wurina. Na yi murna, na zagaya da shi gidajen 'yan ƙasarmu ina cewa ga injiniyan gidanmu. Da ya gama zangon farko aka ɗauke shi a Paris don ya yi dokta, na tambaye shi wane reshe ya kama, ya ce topoloji. Na ce ciwo ne ko magani? Ya zaunar da ni ya ce lissafi ne na siffa, ba ruwansa da tsawo ko nauyi, ana iya jan abu a lanƙwasa shi a murɗa, muddin ba a yanke ba kuma ba a liƙa ba, abu ɗaya ne. Wai kofin shayi mai hannu da zobe duk ɗaya ne a wurinsu, tunda kowanne rami ɗaya gare shi. Na ce to gobe a zobe za a zuba maka shayi. Shi kuma ɓangarensa ƙulli ne, yadda za a tabbatar ƙulli biyu iri ɗaya ne ko dabam. Har ya zare zariyar wandona da ke shanye ya ƙulla yana nuna mini, na ce madalla, ni da nake ƙulli daga safe zuwa yamma lebura ake ce mini, kai da kake kallonsa za a ce maka dokta.

Abin da ya fi ci mini rai, abokinsa da suka zo tare ya kama statistik, wato ƙididdiga, tun bai gama ba kamfanin inshora ya ba shi buro da kujera mai juyawa. Wani ya kama lissafin injiniyoyi, wanda ake auna gada da madatsar ruwa da shi, ya koma gida ana ta rububinsa. Na riƙa jera wa Sani su duk lokacin da ya zo hutu. Ran da na kai masa ziyara Paris na ɓata a metro, ya buɗe taswirar ya ce in duba, ba ta faɗin nisa na gaskiya, tana nuna wace tasha ke haɗe da wace ne kawai, kuma da hakan kowa ke isa gida, wannan tunanin shi ne nasu. Na ce to ka nemi aikin yankan tikiti mana. Bai yi dariya ba, ni na yi ta mutum biyu.

Yanzu ga inda na yi ɓarnar. Babanmu bai yi boko ba, don haka ba wasiƙa muke aika masa ba, kaset muke ɗauka mu ba matafiyi. Kuma shi ba ya jin kaset a ɗaki, bayan la'asar yake fito da rediyo ƙofar gida, maƙwabta su taru a ji labarin Faransa tare. Na san da haka sarai. Wata Lahadi na danna rikoda, bayan gaisuwa na shiga ba da labarin Sani da muryar nan tawa ta mai labarai. Na ce Baba, ɗanka ya yi nisa, shekara da shekaru yana bincike, ya gano kofi da zobe ɗaya ne, yanzu ya koma nazarin zariyar wando, in Allah ya yarda nan gaba gidanmu ba mai wandon da zai faɗi. Ni a raina raha ce. Amma kaset ba ya ɗaukar fuska, Baba bai ga ina murmushi ba, abin da ya gani shi ne abokansa suna ta dariya har da riƙe ciki a ƙofar gidansa.

Amsar da ta zo ba ta kai minti biyu ba, kuma Sani aka aiko wa. Baba ya ce in shi ya haife shi, ya tattara ya koma gida, an gaji da wasa. Saura masa kamar shekara ɗaya ya ƙare aikinsa. Malaminsa ya roƙe shi ya tsaya, ya ce ba ya tsallake maganar uba. Ya biyo ta Lyon, ya ajiye kwalin takardunsa a gidana, ya ce in adana masa, ya wuce. A nan ne ya kamata in ɗauki wani kaset in ce Baba wasa nake. Ban ɗauka ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku, daɗi na ji. Tun muna yara shi ne mai ƙwaƙwalwa ni ne wanda lakwal ta kora, sai ga shi karon farko Baba na cewa ni ne ɗan da ya san abin da ya kai shi Turai.

Sani ya koyar a lise, wato sakandare, har ya yi ritaya, ɗalibai suna kiransa Mushe Zariya, wato Malam Zariya, a bayan idonsa, a unguwa kuma har a gabansa. Baba ya rasu bai san gaskiya ba. Ni da shi gaisuwar sallah ce kawai, lafiya lau, ya iyali, sai an jima.

Kwanan baya muna kwashe ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, jikata da ke karatun kwamfuta ta buɗe kwalin, ta ga zanen ƙulle-ƙulle shafi bayan shafi. Na fara ba ta labarin da tsohuwar dariyata, ta ce Papi, kai ka san me kake wa dariya kuwa? Wai yau da wannan reshen ake nazarin yadda zaren halitta ke ƙullewa a cikin jiki, da shi ake tsara wa mutum-mutumi hanya, har a darasinta yana fitowa. Ta ce ita ba ta isa ta auna aikin ba, amma mai wannan rubutun ba wasa yake ba.

To ga tambayata. Matata ta ce tunda a ƙofar gida na kunyata shi, a ƙofar gida zan wanke shi, in ɗauki kwalin in je Damagaram in tara dangi da sauran tsofaffin da suka rage in faɗi abin da na yi. Ni kuma ina tsoron kar in tono masa abin da ya binne don kawai in samu barci. In je, ko in aika kwalin in rufe bakina, wanda da ma shi ne ya kamata in rufe tun farko? Kafin ku amsa ku ji yadda gwajin farko ya ƙare. Na kira shi a waya, na kasa fara da ban haƙuri, halin ya motsa, na ce Mushe, ashe lissafin nan naka yana da amfani, an ce mini yanzu har likitoci na nemansa. Sai ya ce:

"Yaya, tun a Minguettes na gaya maka ƙa'idarsa, ka ja, ka murɗa, ka lanƙwasa, duk abu yana nan yadda yake. Yankewa ce kawai ba a yi. Kai kuma ka yanke."